Ƙararrawar Tsaro Da Dabbobin Gida: Yadda Na'ura Ke Ɗaukar Kyanwa A Matsayin Ɓarawo

A cikin shekarar 2002 kaɗai, 'yan sandan ƙasar Amurka sun amsa kiran ƙararrawar tsaro wajen sau miliyan 36, aikin da aka ƙiyasta ya ci dala miliyan 1,800. Wannan lissafi yana cikin wani ɗan littafin jagora wanda Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta buga domin amfanin 'yan sanda. Abin da ya fi ɗaure kai a cikin littafin kuwa shi ne, daga kashi 94 zuwa 98 cikin ɗari na irin waɗannan kiraye-kiraye duk na banza ne. Watau 'yan sanda su bar abin da ke gabansu, su sheƙo a mota, su kewaya gida gaba da baya, su tarar ƙofa a kulle, tagogi a rufe, babu ko sawun ɓarawo. Wani lokaci iyakar abin da za su hango ta gilashin taga shi ne kyanwa zaune a bisa kabad tana lasar ƙafarta.

Ba za a ɗora wa kyanwa laifin duka ba. Littafin ya kasa musabbabin wannan ɓarna kashi uku: kuskuren masu gida, da na'urar da ta lalace ko wadda ba ta dace da wurin ba, da kuma rashin iya kafawa. A cikin kuskuren masu gida ne aka lissafa barin dabbobi suna yawo cikin ɗakuna bayan an kunna ƙararrawa, tare da kuskuren lambobin sirri da barin taga a buɗe. Amma matsalar dabba ta bambanta da sauran. Wanda ya manta lamba yau, gobe zai tuna. Kyanwa kuwa ba a yi mata nasiha, abin da ta yi jiya shi za ta yi gobe, sai fa idan an canja tsarin ɗakin ko mazaunin na'urar.

ABIN DA KE BIYO BAYAN IHUN BANZA

Mai karatu yana iya cewa ai wannan ƙaramin abu ne, iyaka dai a kashe ƙararrawa a koma barci. Hukumomi ba haka suka ɗauke shi ba. Tun a 1991 'yan sandan birnin Las Vegas suka daina zuwa gida don kawai ƙararrawa ta yi kuka, sai wani ya je ya tabbatar lalle akwai alamar an fasa gidan. Birnin Salt Lake ya bi sawu a ƙarshen shekarar 2000. Waɗansu garuruwa kuma suka zaɓi cin tarar mai gida, tarar tana hauhawa gwargwadon yawan kiran banza. A Ingila da Wales, ƙa'idar shugabannin 'yan sanda ita ce, gidan da ƙararrawarsa ta kira su sau uku a banza cikin wata 12 za a janye masa alkawarin kai ɗauki, ba kuwa za a mayar masa ba sai an gyara abin da ya jawo. Har ila yau wata doka ta 2005 ta ba ƙananan hukumomi ikon kashe ƙararrawar da ta yi fiye da minti 20 tana kuka ba tsayawa, idan ta zama fitina ga maƙwabta, su kuma nemi mai gida ya biya kuɗin aikin.

Amma hukuncin da ya fi kowanne tsanani ba a ofis ake yanke shi ba. Ranar farko da ƙararrawa ta tashi da tsakar dare, maƙwabta sukan leƙo, waɗansu har su fito da tocila. Rana ta biyu mutum ɗaya ne zai ɗaga labule. Kafin a yi ta biyar kowa ya gyara kwanciya yana cewa kyanwar gidan wane ce. Shi kansa mai gida, in kunya ta ishe shi, sai ya daina kunna na'urar in zai fita, ta koma adon bango. Ke nan an kashe kuɗi an sayi tsaro, an wayi gari babu shi, alhali ɓarawo bai ko taɓa waya ba.

Ƙararrawar ɓarayi ta lantarki ba sabuwar aba ba ce. A 1853 wani Ba'amurke mai suna Augustus Pope ya yi rajistar wata dabara ta sa waya a jikin ƙofa da taga, da zarar an buɗe sai lantarki ya kaɗa ƙararrawa. Edwin Holmes ya sayi haƙƙin dabarar a 1857, ya fara tallanta a Boston, daga baya ya koma New York inda kasuwa ta buɗe masa. Irin wannan ƙararrawa ba ruwanta da dabba, gama kyanwa ba ta zare sakata. Rikici ya faro ne sa'ad da aka ga tsaron ƙofa kaɗai bai isa ba, tun da ɓarawo yana iya biyowa ta rufi ko ya yanke gilashi, aka ƙago na'urar da za ta riƙa duban cikin ɗakin kansa. Wadda ta fi yaɗuwa a gidaje, tun daga wajen shekarun 1980, ita ce mai aiki da ɗumin jiki.

YADDA NA'URAR KE GANI

Wannan ɗan farin akwati da ake maƙalawa a kusurwar ɗaki ba shi da ido irin na mutum, ba ya kuma fitar da wani haske. Jira kawai yake yi. Ilmin da yake aiki da shi ya samo asali ne daga William Herschel, masanin taurari a Ingila, wanda a shekarar 1800 ya tsaga hasken rana da wani gilashi mai kusurwa uku, launuka suka baje kamar bakan gizo, ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafi ya ƙara hawa. Nan aka gane akwai wani ɓoyayyen haske, wanda yanzu ake kira infared, kuma kowane abu mai ɗumi yana fitar da shi dare da rana. Mutum yana zaune ba ya aikin kome jikinsa yana fitar da zafi wajen wat 100, kwatankwacin tsohon ƙwan lantarki mai haske sosai, kuma kaso mai yawa na zafin nan ta wannan haske yake fita.

A cikin akwatin akwai waɗansu ƙwayoyi biyu na wani ma'adini, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, waɗanda ke haifar da ɗan lantarki idan ɗumin da ke sauka a kansu ya canja. An haɗa su ne ta yadda suke adawa da juna. In ɗaki gaba ɗaya ya ɗumama a hankali, abin da ɗaya ta kawo ɗayar za ta soke shi, na'ura ta yi shiru. Amma in wani abu mai ɗumi ya gitta, ɗuminsa ya faɗa kan ɗaya kafin ya kai ga ɗayar, sai a sami bambanci, bambancin nan kuwa shi ke ta da ƙararrawa.

Farar robar da ke fuskar akwatin kuma tabarau ne, ba murfi ba. An sassaƙa shi gida-gida bisa fasahar Augustin Fresnel, Bafaranshen da ya ƙago irin wannan tabarau domin hasumiyoyin da ke haska wa jiragen ruwa hanya, aka fara kafa shi a hasumiyar Cordouan a 1823. Kowane gida na tabarau yana duban wani yanki na ɗaki, sai ɗakin ya rabu kamar yatsun hannu a ware: nan ana gani, nan ba a gani, nan kuma ana gani. Yatsun nan hawa-hawa suke. Na sama suna miƙewa nesa har wajen mita 12, na tsakiya suna sauka a tsakiyar ɗaki, na ƙasa suna duban kusa. Mai tafiya yana shiga wannan yatsa ya fita, ya shiga na gaba, ɗuminsa yana ƙyaftawa a kan ƙwayoyin nan biyu. Shi ya sa na'urar ta fi saurin kama wanda ya gitta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye.

To, iyakar saninta ke nan: wani abu wanda ɗuminsa ya bambanta da na bango ya motsa. Ba ta san fuska ba, ba ta ƙirga ƙafafu. Zafin jikin mutum digiri 37 ne a ma'aunin Salsiyas, na kare da kyanwa ya ɗara haka, yana tsakanin 38 da 39, na kaza da aku kuwa ya wuce 40. Gashi yana tare wani abu daga ciki, shi ya sa kare mai gajeren gashi ya fi mai dogon gashi ta da ƙararrawa ko da nauyinsu ɗaya, amma fuska da kunnuwa da ciki duk a buɗe suke.

MAGANAR KILO

Masu ƙira sun fito da irin na'urar da suke cewa ba ta kula dabba. A jikin kwali akan rubuta nauyi: wata kilo 18, wata kilo 36, wata har 45. Yawancin masu saye nan suke tsayawa, su kimanta nauyin karensu, su ga bai kai ba, hankalinsu ya kwanta. Alhali kuwa babu sikeli a cikin akwatin. Lambar nan kwatance ce kawai na yawan ɗumin da dabba mai wannan nauyi za ta aiko idan tana tafiya a ƙasa, na'urar kuma tana a tsayin da aka umarta.

Dabarar da aka yi biyu ce. Ta farko, an rage ƙarfin yatsun ƙasa, yadda abin da ke tafiya dab da daɓe ba zai aiko da ɗumi mai yawa ba. Ta biyu, an sa wa na'urar 'yar ƙwaƙwalwa mai duba girman alama da tsawon lokacinta. Mutum a tsaye dogo ne, yakan cika yatsu hawa biyu ko uku a lokaci guda. Kare kuwa tsawonsa a kwance yake, hawa ɗaya yake taɓawa. Muddin dabba ta tsaya a ƙasa, lissafin yana tafiya daidai.

Kyanwa fa ba da ita aka yi wannan yarjejeniya ba. Dabba ce mai son tudu, tana iya tsalle wajen ninki biyar na tsayinta, kuma ba inda take so kamar kan kabad, da kan firiji, da bayan doguwar kujera, da bakin taga. Da ta hau, ta bar yatsun da aka rage wa ƙarfi ta shiga waɗanda aka tanada domin ƙirjin mutum. Ga kuma maganar kusanci, wadda ita ce ta fi ruɗa mutane. Ɗumin da ke isa ga na'ura ba daidai da tazara yake ƙaruwa ba, ninkawa yake yi: abin da ke nesa da mita 1 yana aiko da ninki 9 na abin da zai aiko daga mita 3. Saboda haka kyanwa mai kilo 4 a kan kabad, dab da na'ura, ta fi ƙato mai kilo 80 wanda ke can ƙarshen falo girma a wurinta. Haka nan in karnuka biyu suna kokawa a wuri ɗaya, ɗuminsu haɗuwa yake yi ya zama na babbar dabba guda. Karen da ya miƙe ya dafa taga da ƙafafun gaba domin ya ga mai wucewa shi ma ya zama dogo, ya fita daga cikin lissafi.

INDA GYARAN YAKE

Daga wannan bayani za a gane cewa mafi yawan gyaran ba a shago yake ba, a cikin ɗaki yake. Abu na farko shi ne tsayi. Galibin na'urorin an ƙera su ne domin a kafa su tsakanin mita 2.1 da 2.4 daga ƙasa, a miƙe ba a karkace ba, kuma takardar da ke cikin kwali takan faɗi ainihin tsayin da ake bukata. Ma'aikacin da ya kafa ta a inda tsaninsa ya kai, ko inda waya ta fi sauƙin ja, ko ya sunkuyar da kanta ƙasa wai don ta fi gani, ya riga ya rushe lissafin masu ƙira, domin yatsun da aka nufa da ƙirjin mutum yanzu a gadon bayan kare suke sauka. Abin takaici, in ƙararrawa ta fara damu, ma'aikacin ya daɗe da karɓar kuɗinsa, dabba ake zagi.

Sai kayan ɗaki. Ba a barin abin da dabba za ta iya hawa a cikin tazarar wajen mita 2 a gaban na'urar. Masu ƙira da yawa ƙafa 6 suke rubutawa. In kabad ba ya matsuwa, to na'ura ita za ta matsa. Matakalar bene kuwa ita ce babban tarko, domin dabbar da ke hawa tana ratsa yatsu hawa bayan hawa, kamar dai yadda mutum a tsaye zai cika su. Don haka ba a fuskantar da na'ura ga matakala a gidan da ke da dabba. Inda ba makawa, akwai 'yan faci masu gam da ke zuwa tare da waɗansu na'urori, ana liƙa su ta cikin tabarau a rufe gidan da ke duban wurin fitina kaɗai, a bar sauran suna aiki. Waɗansu kuma suna da 'yar taga a ƙasa mai duban gindin bango domin kama mai lallaɓawa ta ƙarƙashi. A gidan da ke da kyanwa rufe ta ake yi.

Akwai wata tsohuwar dabara wadda har yanzu tana da amfani a dogon lungu. Ana kafa na'urar ƙasa-ƙasa, wajen tsayin ƙugun mutum ko sama kaɗan, da tabarau wanda ba ya duban ƙasa sam, sai gaba kawai. Sai ya zama kamar an shimfiɗa wani rufi marar ganuwa, kare yana yawonsa a ƙarƙashi, mutum kuwa da ya shigo a tsaye ya tsaga shi. Ga kare mai natsuwa ta isa. Ga kyanwa ba ta da wani amfani.

Wanda ƙararrawa ta hana barci, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya rage ƙarfin jin na'urar. Akwai maɓalli domin haka, akwai kuma wani mai sa ta jira sai ta ƙirga alama biyu ko uku a jere kafin ta yi kuka. Ɗan ragi ba laifi ba ne. Amma a nan ne garin gyaran gira ake rasa ido. Babban kare mai kilo 40 da siririn saurayi mai rarrafe da hannu da gwiwa ba su da wani bambanci a wurin na'ura, in ma saurayin ya sa riga mai kauri sai ya fi karen ɓoyuwa. Duk abin da aka yafe wa kare an yafe wa mai rarrafe. Saboda haka mai kyanwa ɗaya bai kamata ya sayi ta kilo 45 wai don ya huta gaba ɗaya ba, sai ya nemi mafi ƙanƙantar da za ta ɗauke dabbarsa. Mai ƙaton kare kuma gara ya haƙura da na'urar motsi a ɗakin da karen ke kwana, ya nemi wata hanyar tsare ɗakin.

Wata hanyar ita ce ta shaidu biyu. Akwai na'urar da ta haɗa mai jin ɗumi da wata mai aiki irin na radar da ke hango jiragen sama: tana watsa igiyoyin rediyo masu gajeren zango, tana sauraron dawowarsu. In sun bugi abu mai motsi sukan dawo da ɗan canji, bisa ƙa'idar da Christian Doppler, masani ɗan ƙasar Ostiriya, ya bayyana a 1842, wadda ita ce ke sa kukan jiniya ya canja sa'ad da mota ta wuce mutum. Ƙararrawa ba ta tashi sai ɓangarorin biyu sun yarda a lokaci guda. Wannan yana maganin hasken rana da ya faɗo kan daɓe da iska mai zafi, gama su ɗumi ne babu jiki mai motsi. Amma kada a ruɗu. Dabba tana da ɗumi, tana kuma motsi, shaidun biyu duk za su tsaya a kanta in ta matso kusa. Bugu da ƙari igiyoyin rediyon suna ratsa gilashi da bango marar kauri, saboda haka tilas a daidaita zangonsu da girman ɗaki. A Ingila an faɗaɗa wannan tunani, cibiyar da ke sa ido ba ta kiran 'yan sanda sai na'urori biyu dabam-dabam sun yi magana ɗaya bayan ɗaya. Kyanwar da ke da 'yancin tashi daga falo zuwa madafa tana iya ba da shaidar nan biyu ita kaɗai.

Hanya mafi arha, kuma mafi tabbas, ita ce raba gida shiyya-shiyya. Kusan kowace ƙararrawa ta zamani tana ba mai gida damar kunna wani sashe ya bar wani. Sai a ware wa dabba ɗaki guda mai iska, da ruwa da abinci, wanda babu na'urar motsi a cikinsa, a tsare ƙofarsa da tagarsa da ɗan makunnin nan mai maganaɗisu, wanda aka ƙago a ɗakin binciken kamfanin Bell a 1936: maganaɗisu a jikin ƙofa, makunni a jikin bango, da sun rabu sai ƙararrawa. Watau an koma ga dabarar Pope ke nan. Sai dai a kula da marfin ƙofa, domin akwai karnuka da kyanwoyi da suka iya danna hannun ƙofa irin mai lanƙwasawa ƙasa.

Kada kuma a manta dabba ita ce ƙararrawa ta farko da ɗan Adam ya sani. Livy, masanin tarihin Rum, ya ba da labarin yadda mayaƙan ƙabilar Gol suka hau tudun Kapitol cikin dare, wajen shekara 390 kafin haihuwar Annabi Isa, karnuka ba su ji ba, dinyoyi ne suka ta da masu tsaro da kukansu. Duk wanda ya taɓa kiwon zabi ba zai yi mamakin wannan ba. Mai gidan da ya kulle karensa a sito mai zafi yini guda domin kada na'ura ta yi kuka, ya zalunci dabba, ya kuma kori mai gadi don ya faranta wa ƙararrawa. Gara a bar wa kare harabar gida, a bar wa na'ura ɗakuna.

A ƘASASHE MASU ZAFI

Irin waɗannan na'urori sun daɗe da shigowa kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi, kuma fitilun sola masu kunna kansu in mutum ya gitta, waɗanda suka cika ƙofofin gidaje, da wannan dabara ta ɗumi suke aiki. Amma yanayi yana da nasa hukunci. Fatar mutum ba ta wuce digiri 33 zuwa 34 ba, na'ura kuwa bambanci take nema tsakanin jiki da bango. A ɗakin da ke digiri 20 bambancin a fili yake. A Sakkwato ko Damagaram cikin watan Afrilu, inda zafin rana ke wuce digiri 40, bango kuma ya riƙe shi har dare, mutum yakan kusan sajewa da bangon. Masu ƙira sun san da haka, suka sa na'urar ta riƙa ƙara wa kanta ƙarfin ji in zafi ya hau. Sakamakon haka, lokacin bazara ne take iya ƙyale mutum ya wuce, kuma a lokacin ne baƙin karen da ya sha rana a waje ya shigo zai iya ta da ita.

Ga shi kuma dabbobin gida a waɗannan wurare ba kyanwa da kare kaɗai ba ne. Akwai awaki da kaji da tantabaru da ragon layya, duk a tsakar gida. Na'urar da aka ƙera domin falo in an kafa ta tana duban tsakar gida, an sayi fitina da kuɗi. Abin da ya dace da waje shi ne sanduna biyu masu aika wa juna zaren ɓoyayyen haske, zare biyu ko huɗu wani bisa wani, ƙararrawa ba ta tashi sai an yanke su tare. Tsuntsu ko kyanwa zare ɗaya za ta yanke, mutum kuwa duk zai tare su.

Tsaka da gizo-gizo ba su da ɗumin jiki, amma in ɗayansu ya bi ta kan tabarau sai ya tare yatsu ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta ga canji. In ƙwaro ya shiga cikin akwatin ma abin ya fi muni. Maganinsa shi ne a toshe ramin da waya ta shiga, a riƙa share yanar gizo da ƙurar hunturu da tsumma mai laushi, ba tare da fesa maganin sauro a kan robar ba. Batirin ajiya shi ma a sa masa ido, domin zafi yana rage masa kwana, kuma wanda ya yi sanyi yakan sa ƙararrawa ta tashi a duk sa'ad da aka ɗauke wuta, a yi ta zargin kyanwa tana can tana barci.

A 'yan shekarun nan an sami kyamarori masu ƙwaƙwalwar kwamfuta waɗanda ke duban siffa, su bambanta mutum da dabba da mota, su aika wa mai gida hoto a wayarsa. Babban amfaninsu shi ne mutum ya ga abin da ya motsa da idonsa kafin ya ta da unguwa. Amma sukan yi kuskure cikin duhu da ƙura, kuma yawancinsu in babu intanet babu saƙo.

Ko wace iri aka saya, ba a gama aiki ba sai an yi gwaji. Na'urorin suna da 'yar fitila mai kamawa in sun ga motsi, da ita ake gwadawa ba tare da kukan ƙararrawa ba. Mutum ya ratsa ɗakin a tsaye ta kowace kusurwa, fitila ta kama. Sa'an nan ya sunkuya ya ratsa, domin ya san inda gibi yake. Bayan haka kowa ya koma bakin ƙofa ya tsaya cik, a saki dabba, a jefa mata abin wasa a kan kujera, da kan tebur, da duk inda aka san tana hawa, ana duban fitila. In ta kama, an ga wurin da za a gyara. Akwatin da ke sarrafa ƙararrawa kuma yana ajiye lissafin shiyyar da ta yi kuka da lokacin da ta yi, kuma in aka ga shiyya ɗaya ce kullum da asuba, lokacin da kyanwa ta fi kuzari, ba sai an kira kowa ya yi duba ba. Akan sake gwajin in an canja wa kujeru wuri, da in an ƙaro wata dabba, da shigowar bazara, da kuma bayan 'yan watanni ga mai kwikwiyo, domin wanda aka gwada yana kilo 5 kafin shekara ta kewayo yana iya kai kilo 30.